Ambaliya Babu Hadari: Wa Ake Faɗa wa Gargaɗin Ruwa a Legas?

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san ruwa yana sallama kafin ya shigo. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙura, kaji su nufi akurki, mata su hau kwashe shanya. Da wannan sanin muka sauka Legas, kuma shi ne yake yaudararmu duk shekara, domin ruwan da ya fi daɗewa a ɗakunan 'yan'uwanmu na gefen Mile 12 da Kara ba ya zuwa da hadari. A Oktoba yake zuwa, lokacin da hankalin ɗan Arewa ya koma gida wajen kaka, ana lissafin damman gero da buhunan wake. Rana na dukan tsakar ka, sama tas, sai ka ga ruwa yana tasowa daga kwata yana hawa hanya. Da safe idon sawu, da la'asar ƙwauri, kashegari gwiwa.

Wani dattijo dillalin shanu a kasuwar Kara, wadda ke bakin kogin Ogun daidai inda Legas ta yi iyaka da jihar Ogun, ya taɓa ce mini, "Malam, a garinmu ruwa daga sama yake saukowa. Nan kuwa ta ƙasa yake biyo mutum." Na ce, "Baba, ai ana sanarwa kafin ya zo." Ya dube ni ya ce, "An ce an faɗa a rediyo. To wa aka faɗa wa?"

Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar, kuma tambayar tasa ce ta sa ni wannan rubutu.

Kalmar ambaliya a Legas suna ɗaya ne da aka raɗa wa ruwa uku, kowanne da halinsa, kowanne da irin lokacin da yake bai wa mutum kafin ya iso. Wanda bai rarrabe su ba zai yi ta jin gargaɗi bai san wanne ake nufi ba.

Akwai ruwan sama, wanda kowa ya sani. Daminar Legas kashi biyu ce: daga Afrilu zuwa Yuli, sai ta ɗan ja numfashi a Agusta, daidai lokacin da ake tsakiyar marka a Kano da Zariya, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Abin da ke sauka a shekara ya kusan ninka na Kano biyu. Amma ba yawan na shekara ne ke kisa ba, na wuni ɗaya ne. Ranar Lahadi 10 ga Yuli 2011 an wuni ana sheƙa shi, ya ci rayuka sama da 20. Ranar 8 ga Yuli 2017 Lekki da Victoria Island, unguwannin masu hannu da shuni, suka zama kogi. Ranar 3 ga Yuli 2024 aka yi mamakon kusan sa'a goma, Iyana-Oworo da ke bakin gadar Third Mainland ta cika, motoci suka tsaya cik, har kwamishinan muhalli na jihar, Tokunbo Wahab, ya fito ya ba jama'a haƙuri. Irin wannan ruwa sa'o'i kawai yake bayarwa. Masu hasashe za su iya cewa nan da kwana uku akwai ruwa mai ƙarfi a kudu maso yamma, amma cewa a Agege zai juye ko a Ajah, wannan sai hadarin ya haɗu ake ganewa.

Sai ruwan kogi, wanda shi ne na Baba dillali. Kogin Ogun ya taso tun daga jihar Oyo, ya ratsa Abeokuta, ya gangaro ta Isheri da Kara, sannan ya rarrabu cikin fadamun Agiliti, Maidan, Owode, Agboyi da Ajegunle ta hanyar Ikorodu kafin ya faɗa lagun, wato babban tafkin da Legas ta kewaye. A kan wani reshensa, kusa da Abeokuta, akwai madatsar Oyan da aka buɗe a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, tana hannun hukumar raya kogunan Ogun da Oshun ta gwamnatin tarayya. In damina ta yi nisa madatsa ta cika, dole a buɗe ƙofofi a rage, in ba haka ba ta ɓalle gaba ɗaya. Masu kula da ita kan ce ba nasu ruwan kaɗai ne ke cin Legas ba, akwai ƙoramu da yawa da ke zuba a kogin ƙasa da madatsar, kuma akwai gaskiya a maganar. Ko ma dai yaya ne, wannan ruwan tafiya yake yi. Ba a sa'a ɗaya ko biyu yake isowa ba, ana iya ganinsa yana tafe, kuma wani sashensa hannun ɗan Adam ne ke sakinsa. Cikin ukun, babu wanda ya fi shi sauƙin yi wa gargaɗi. Duk da haka shi ne ya kori mutanen Ajegunle daga gidajensu a Oktoban 2010 har aka kwashe wasu zuwa sansanin Agbowa, ya dawo a 2019, ya sake dawowa a 2023. Kuma idan ya shigo ba ya fita da wuri. Ruwan sama kan janye cikin wuni, na kogi sai ya yi makonni yana kwance.

Na ukun shi ne wanda ɗan Arewa bai zo da saninsa ba sam, wato ruwan teku. Kusan duk wata kwata da lambatu da kanal a Legas lagun suke nufa, shi kuma lagun babbar ƙofarsa zuwa teku ita ce mashigin da jiragen ruwa ke bi zuwa Apapa. Teku kuwa sau biyu take cika ta janye a kowace rana. Idan ta cika, sai ta tokare bakin lagun, lagun ya tokare bakin kanal, kanal ya tokare kwatar ƙofar gidanka. Ruwan saman da ya sauka a wannan lokacin ba shi da inda za shi, sai ya tsaya yana jiran teku ta ba shi hanya. Wannan ne dalilin da ya sa wani lokaci za ka ga an yashe kwata tas amma titi ya cika, sannan bayan sa'o'i kaɗan ya zuƙe kamar an cire toshiya. Wani lokacin ma tekun da kanta take haurowa, kamar yadda ta yi a gaɓar Kuramo a Agustan 2012 ta tafi da mutum 16.

Ranar baƙin ciki ita ce ranar da biyu ko ukun suka haɗu: kogi ya kawo, teku ta rufe ƙofa, sama ta ƙara.

Ina sauyin yanayi ya shigo? Ta ƙofa biyu. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima. Duk ƙarin ma'aunin zafi ɗaya, iska na iya riƙe kusan kashi 7 cikin 100 na ƙarin ruwa, kuma abin da ta riƙe sai ta sauke shi, galibi a dunƙule. Sannan teku tana tasowa. Masana sun auna cewa tsakanin 1901 da 2018 ta ƙaru da kimanin santimita 20 a faɗin duniya. Ɗani guda ke nan, abin da mutumin Jos ko Funtuwa zai yi wa dariya. Amma a garin da unguwanni da yawa ba su fi mita ɗaya ko biyu sama da teku ba, ɗani guda a bakin kanal shi ne bambancin kwatar da ke zuba da wadda ke amai.

Sai dai ni ba na cikin masu ɗora wa sauyin yanayi komai, don ya zama bangon da kowane jami'i ke fakewa a bayansa. Fadamun da a da suke shanye ruwa an cike su da yashi an yi gidaje. Ƙasar da ke tsotse ruwa an shafe ta da siminti. Jihar da ta fi kowace ƙanƙanta a Najeriya tana ɗauke da mutanen da gwamnatinta ke ƙiyastawa sun haura miliyan 20, suna fitar da shara kimanin tan dubu 13 kullum, kuma duk wanda ya leƙa kanal ɗin Idi-Araba ya san inda wani kaso nata yake ƙarewa. Shi ya sa a Janairun 2024 jihar ta haramta farar robar nan ta zuba abinci da ke toshe magudanai. Abin da wannan ke nufi ga batun gargaɗi ya fi yadda ake zato. Ruwa iri ɗaya, milimita iri ɗaya, zai iya wucewa salin-alin a unguwa bana, ya kuma shiga ɗakunanta baɗi, saboda wata kwalbati guda ta cushe ko wani ya kafa shago a kan hanyar ruwa. Tauraron ɗan Adam yana ganin hadari, ba ya ganin kwalbati. Rabin ilimin ambaliya yana ofis a Abuja, rabin kuma yana wurin mai shayin da ke bakin kwalbatin, kuma har yau ba a haɗa su wuri ɗaya ba.

Kada a ce babu masu aiki. A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina, tana kuma bin sa da na kwana uku-uku. Bayan ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, hukumar kula da koguna, NIHSA, ta soma fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara. Ma'aikatar muhalli ta Legas kan kira 'yan jarida kafin damina ta faɗi abin da ake sa rai, sannan in Satumba ta yi ta lissafo unguwannin bakin Ogun da sunayensu ta ce a tashi. Akwai hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da LASEMA ta jiha, akwai lambobin 767 da 112 da ake kira kyauta. Ta fuskar takarda, Legas ta fi yawancin jihohinmu shiri nesa ba kusa ba.

A Maris ɗin 2022 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya ce kafin ƙarshen 2027 ana so kowane ɗan Adam ya kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa, aka kuma ƙiyasta dala biliyan 3.1 don aikin a taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar. Abin da ya ja hankalina a shirin ba kuɗin ba ne, yadda suka fasalta gargaɗi ne. Sun ce ƙafa huɗu gare shi: a san wa ke cikin haɗari kuma a ina yake, a iya hango abin da ke tafe, a isar da saƙo ga mai shi, sannan mai shi ya kasance yana da abin da zai iya yi. Akwai kuma ƙiyasin da ake yawan kawowa cewa gargaɗin sa'a 24 kawai na iya rage ɓarna da kashi 30 cikin 100. Mu a nan ƙafa ta biyu muka fi kiwatawa, don ita ce mai na'ura da kwangila da taron ƙaddamarwa. Sauran ukun sun rame, kuma a wurin Bahaushen Legas ramarsu ta fi fitowa fili.

Ɗauki ta farko. Wa ya san adadin mutanen da ke kwana a kasuwar Mile 12 daren yau? 'Yan dako, yaran mota, masu tsince tumatir, direbobin da ke jiran a sauke musu albasa daga Aliero ko tattasai daga Kano, wasu a rumfa, wasu a masallaci, wasu a ƙarƙashin tirela. Haka a Kara, haka a mayankar Oko-Oba, haka a Ijora da Alaba Rago. Ɗan ci-rani ba ya cikin rajistar ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, ba ya cikin zauren WhatsApp ɗinsu, sunansa ba ya kan takardar wuta. A kan taswirar hukuma wurin da yake kwana kasuwa ce, kuma kasuwa ba kowa cikinta da dare. Sannan shi ne ya fi kowa kwana a ƙasa, a ɗakin da ya fi arha, wanda arharsa ba ta rasa nasaba da cewa masu garin sun san abin da ke faruwa da shi a Oktoba. Ruwa ba ya tsami banza. Baƙon da ya sauka a Janairu ya ga ɗaki a bushe, ya biya kuɗin shekara, babu wanda zai nuna masa zanen da ruwan bara ya bari a bango, an ma shafe shi da fenti.

Ta uku kuwa, isar da saƙo, nan ne tambayar Baba take. Sanarwar jiha da Turanci take fita, jaridu su ɗauka, gidajen rediyo su juya ta da Yarbanci da Turancin buroka. Mutuminmu kuma kunnensa na kan BBC da DW da RFI, ko kan saƙon murya da aka turo daga gida. Ya fi sanin an yi ruwa a Gumel jiya da sanin an buɗe Oyan shekaranjiya. NiMet tana fassara hasashenta zuwa Hausa, a yaba mata, amma Bahaushen da ke zuciyar mai fassarar manomi ne da ke son sanin ranar shuka a Katsina. Bahaushen da ke kwana a bakin kanal a Legas bai faɗo wa kowa a rai ba: jihar na ganin sa baƙo, Arewa na ganin ya tafi.

Amma a ce ma saƙon ya iso, da Hausa tsantsa. Me yake cewa? "Mazauna wurare masu kwari su koma kan tudu." Shekara da shekaru wannan jimlar ake maimaitawa. Wane tudun? A garin da sai ka biya hayar shekara guda a dunƙule, ka biya ɗan kamasho, ka biya kuɗin yarjejeniya, mai tura baro zai tashi ya koma tudu na mako shida ya dawo? Sansanin Agbowa yana can bayan Ikorodu, wanda ya tafi can ya bar kasuwa, wanda ya bar kasuwa ya bar abinci. In ya kulle ɗaki ya tafi, ɓarawo ya san ruwa bai hana kwalekwale shiga. Saboda haka mutum ya auna ya zauna, ya ɗora katifa a kan benci, ya jera bulo a ƙofa. Masu sharhi a talabijin su ce taurin kai ne ko jahilci. Ni a ganina lissafi ne, kuma sau da yawa lissafin daidai ne, sai ranar da ruwan ya wuce na bara.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A kunnen talakan Legas, "ku tashi saboda ruwa" da "ku tashi za a rushe" muryarsu ɗaya, daga ma'aikatu ɗaya suke fitowa. Mutanen Makoko, unguwar talakawa da ke bakin lagun, sun ga wa'adin sa'a 72 kafin rusau a Yulin 2012. Mutanen Otodo Gbame, ita ma ta bakin lagun, su fiye da dubu 30, an tashe su tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 ba su koma ba. Ban ce kada a rushe ginin da ya toshe hanyar ruwa ba. Dole ne a rushe, kuma an ga katafila ta shiga har rukunin gidajen masu kuɗi a Ikota a 2023. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mutumin da yake tsoron in ya fita ba za a bar shi ya dawo ba, ba zai fita don an ce ruwa na zuwa ba. Ba zai ma so a rubuta sunansa a jerin masu haɗari ba, domin jerin masu haɗari na bana shi ne jerin rusau na baɗi.

Sai matsalar gargaɗin da ya yi faɗi har ya rasa baki. Hasashen 2024 ya sa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 cikin babban haɗari. Gaskiya ne, amma in aka ce kusan duk ƙasa tana cikin haɗari tsawon wata shida, babu wanda zai ɗaga tabarmarsa. Jihar Neja tana cikin irin wannan jeri, amma daren 28 zuwa wayewar 29 ga Mayun 2025 ruwa ya sami mutanen Unguwar Hausawa da Tiffin Maza a Mokwa suna barci, aka tsamo gawa sama da 150 cikin 'yan kwanaki. A Maiduguri ma, da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwan ya shiga gari. A takarda duka an yi gargaɗi. Wanda ya isa ya tashi mai barci ne babu.

Ƙasar da ta fi burge ni a wannan fanni ba mai arziki ba ce. Bangaladash, ƙasar Musulmi mai cunkoso da ke kwance a bakin teku kamar Legas, ta rasa aƙalla mutum dubu 300 a guguwar 1970, ta sake rasa kimanin dubu 138 a 1991. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe sama da mutum miliyan biyu kafin ta iso, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 50 ba. Na'urorin hasashe sun inganta, babu musu. Amma abin da ya sauya lissafin shi ne dubun-dubatar 'yan sa-kai, maza da mata, 'yan unguwa da kowa ya san iyayensu, masu yawo da lasifikar hannu a kan keke suna buga ƙofofi. Da tutocin da yawansu ke nuna girman haɗari ga wanda bai iya karatu ba. Da lasifikar masallatai. Da gine-ginen mafaka masu tsayi waɗanda a sauran ranaku makarantu ne, don haka kowane yaro ya san hanya. Mutum ya san muryar da ta kira shi, ya san inda za shi, ya san zai dawo.

In aka dubi wannan da idon basira, za a ga mu Hausawan Legas muna zaune a kan rabin kayan aikin ba mu sani ba. Babu zangon da ba shi da masallaci mai lasifika da ladanin da ke farke tun kafin asuba. Muna da Sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, masu zama da Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da shugaban ƙaramar hukuma. Kowane sashe na kasuwa yana da shugaba da sakatare da ɗan sanarwa, kuma duk safiyar Alhamis kasuwannin Legas a rufe suke har ƙarfe goma don tsafta, jama'a na tsaye ba ciniki, lokacin da ya fi kowane dacewa a ce musu ga abin da kogi ke ciki wannan makon. Sannan ga wata runduna da babu hukumar da ke da irinta: masu gadi. Daga Isheri zuwa Lekki, da wuya ka sami layin da ba mai jin Hausa a bakin ƙofarsa da ƙarfe ukun dare, idonsa biyu, waya a hannu. Shi ne mutum na farko a Legas da ke ganin kwata ta soma amai. Ba wanda ya taɓa ce masa ga lambar da zai kira, ko ga zauren da zai jefa saƙon murya.

Har jadawalin teku ma muna da shi a ka. Cikar teku ta fi ƙarfi sau biyu a wata, wajen tsayuwar sabon wata da wajen sha huɗu zuwa sha shida, lokacin da rana da wata suka haɗa ƙarfin jansu. Duk mai azumin fararen kwanaki, duk mai duban jinjirin wata, ya riga ya san ranakun da lagun zai fi tokare kanal. In hasashen ruwa mai ƙarfi ya faɗo a waɗannan kwanakin a Yuni ko Yuli, ba sai an jira kwamishina ba, a ɗaga buhu daga ƙasa tun da rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma da namu laifin, kada mu yi ta nuna yatsa. Mai kurar sharar da ya karɓi kuɗin matar gida ya juye a kanal cikin dare sau da yawa ɗan'uwanmu ne, kuma ruwan da ya toshe ɗakin wani ɗan'uwan zai shiga. Ɓawon albasa da ruɓaɓɓen tumatir da kwandunan da suka mutu ba su da ƙafar zuwa kwata da kansu. Akwai kuma masu rufe kowace magana da "abin da Allah ya ƙaddara". Na'am. Amma Annabi Yusuf, da aka kawo masa mafarkin sarki, bai tsaya ga faɗin cewa fari na tafe ba. Ya faɗi shekara nawa, ya faɗi abin da za a ajiye da yadda za a ajiye shi kada ya lalace, sannan ya nemi a ba shi riƙon rumbunan. Gargaɗin da ya zo da lokaci da mataki da mai alhaki ke nan, kuma ban san malamin da ya ce hakan ya saɓa wa tawakkali ba.

Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne wurin zuwa da kuɗin tashi, kuma nan ne ya kamata shugabanninmu su matsa wa jiha, maimakon jiran buhun shinkafa da katifa bayan an yi asara, ihu bayan hari. Makaranta ko masallacin Juma'a mai bene a cikin unguwar, wanda aka amince tun Agusta cewa nan mata da yara za su kwana. Alkawari a bainar jama'a cewa wanda ya fita don ruwa zai koma ɗakinsa. Ranar da za a ƙara buɗe ƙofofin Oyan da kimanin lokacin da ruwan zai iso Kara, a turo wa shugabannin kasuwa kai tsaye, ba a bari su tsinta a jarida ba. Ko tashar Bond FM, da take da shirye-shiryen Hausa a nan Legas, ta isa ta ɗauki wannan. An ma gwada wani abu a wasu ƙauyukan Adamawa a 2022, inda ƙungiyar agaji ta IRC ta tura wa magidanta kuɗi kafin ruwa ya zo maimakon bayansa. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga mutanen da suka san adashi: asusun da ba a taɓa shi sai an ce kogi ya kai alama kaza, a ba mai ƙaramin ƙarfi kuɗin motar kwashe kaya.

Gargaɗin kuma bai ƙare ranar da ruwa ya shigo ba. Bayansa rijiya da masai sun gauraya, kuma masu sayar da ruwa a kura, waɗanda yawancinsu namu ne, su ne za su kai wa unguwa lafiya ko cuta. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024 tana nan a ran mutane. Ga wayar lantarki da ke kwance cikin ruwa, ga ramin kwatar da aka sace murfinsa yana jiran ɗan acaɓa.

Da na koma Kara bayan wani lokaci, na tarar ashe Baba dillali yana da nasa ma'aunin. Daga shigowar Satumba, kullum in ya idar da sallar asuba sai ya taka zuwa gindin doguwar gadar da ta haye kogin, ya dubi wani tabo a jikin ginshiƙi. In ruwa ya taɓa tabon, ranar zai sa yara su soma kora shanu zuwa gefen babbar hanya. Ya ce shekarun da ya yi yana haka, tabon bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma yakan riga sanarwar rediyo.

Na ce, "Baba, in ka ga ya taɓa, wa kake gaya wa?"

Ya ce, "Yarana mana."

Na ce, "Mutanen Agiliti fa? Ruwan da ya wuce ka ai su zai je wa."

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Wallahi Malam, ba ni da lambar kowa a can."